Darasi a Kan Ƙagaggun Labaran Ƴan Daba da Caca, da Ma'aunin da Musulmi Zai Auna Su da Shi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya saukar da Littafi, Ya sanya labaran magabata a cikinsa don su zama wa'azi ga ma'abota hankali. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga tambayar da wani dattijo cikin jama'ar Bambeye ya yi bayan sallar lisha. Ya ce jikansa, yaro ɗan shekara 15, wanda mahaifinsa ke biɗa a Abijan, yakan raba dare da salula a kunne yana sauraren wani littafi da ake karantawa. Labarin wani saurayi ne shugaban ƴan daba a wani birni da babu shi a bayan ƙasa, wanda ƙarfe ba ya cin jikinsa, kuma bai taɓa zama a tabarmar caca ya tashi hannu wofi ba. Dattijon ya ce: "Malam, in fasa salular ne, ko in zuba masa ido?" Muka ce masa: "Baba, duka biyu ba su zama magani ba." To, ga bayanin dalili, don amfanin ya game sauran iyaye.

MENE NE WAƊANNAN LABARAI?

Ƙagaggen labari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a dandali, kuma kowa ya san Gizo maƙaryaci ne, mai cin amana. Da boko ya shigo, aka yi gasar rubutu a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu cike da aljannu da ƙasashen almara. Daga baya marubuta suka juya alƙalaminsu ga ɓarnar birni. Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo a kan yaron da ya bar ƙauye ya faɗa hannun miyagun abokai a birni, Bature Gagare kuma ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, a kan gungun ƴan ta'adda da makamai da miyagun ƙwayoyi. Duk wanda ya dubi sunayen littattafan nan biyu ya san inda marubutansu suka dosa, domin karin magana ne guda biyu masu gargaɗi.

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 kuma kasuwar littattafai ta buɗe a Kano, aka shiga buga na soyayya, da na yaƙi masu sarakunan aljannu da matsafa da takubban sihiri, da na ƴan fashi da ƴan leƙen asiri. Fatake suka riƙa ƙetarowa da su ta Ƙonni da Maraɗi har cikin Adar. A yau takarda ta ja baya. Ana karanta littafin da murya a ɗora shi a YouTube, ko a tura shi ta WhatsApp, ko a loda wa yaro shi a katin salula, tare da finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa. Saboda haka ko yaron da bai taɓa shiga lakkal ba, bai iya haɗa baƙi biyu na boko ba, yana iya cinye littafi goma a wata guda da kunnensa.

A ƙasashen Turawa kuwa wannan fanni ne mai zaman kansa, wanda ake rubutawa musamman don samari da ƴan mata. Misali, a 2015 wata marubuciya a Amurka mai suna Leigh Bardugo ta fitar da Six of Crows, labarin matasa shida a wani ƙagaggen birnin fatauci mai suna Ketterdam. Shugabansu ɗan shekara 17 ne, yana riƙe da gidan caca, wasu daga cikinsu kuma suna da ikon sihiri. A 2021 kamfanin Netflix ya sanya mafi yawan waɗannan taurari a cikin fim mai dogon zango. Ko na gida ne ko na waje, tubalin ginin ɗaya ne: maraya ko talaka wanda duniya ta wulaƙanta, birni wanda hukumarsa ta ruɓe, gungun abokai da suka zame masa dangi, caca da sata a matsayin hanyar ɗaukaka, sa'an nan asiri wanda ke tsare shi daga sakamakon aikinsa.

ME YA SA WANNAN YA SHAFE MU A ADAR?

Wani zai ce, ina ruwan Bambeye da ƴan daba, mu da muke cikin gonakin hatsi? Amsa ita ce, ƙasarmu ƙasar biɗa ce. Da an gama girbi an cika rumbu, ko an kasa cika shi, sai maza su kama hanyar Abijan, ko Legas, ko Kano, ko Libiya. Yaron da ke kwance yau da salula, bayan shekara biyu ko uku shi ne zai tsaya a tashar Tawa da jaka a kafaɗa. Kafin ƙafarsa ta taka birni, labari ya riga ya zana masa birnin a zuciya, ya gaya masa wane ne namiji a can, wane ne kuma sakarai.

Birane kuwa na gaskiya suna da ƴan dabarsu na gaskiya. Kano ta daɗe tana fama da ƴan daba, Gwambe ta ga ƴan kalare, Bauci ta ga sara-suka. A Abijan, bayan rikicin zaɓen da ya ƙare a 2011, ƙananan yara masu adduna da ake kira mikrob sun addabi unguwar Abobo da kewayenta. A nan gida Nijar, Damagaram ta san gungun samarin da ake kira fale, har ƴar garin, Aisha Maki, ta yi fim a kan rayuwarsu a unguwar Kara-Kara a 2021. Babu ɗaya daga cikin waɗannan yara da ya samu abin da littafi ya yi wa jaruminsa alkawari. Abin da suka samu shi ne tabo a jiki, da gidan kaso, da kabari tun da ƙuruciya.

HUKUNCIN ƘAGA LABARI

Wajibi ne mu yi adalci, domin Allah (SWT) Ya hana mu haramta abin da bai haramta ba. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa labarin da mai faɗinsa da mai jinsa duk suka san ƙage ne, ana buga misali da shi, bai shiga babin ƙaryar da aka haramta ba. Hujja a kan haka tana cikin zaurukanmu. Duk almajirin da ya yi nisa a lugga ya karanta Muƙamatul Hariri, na Alhariri mutumin Basra wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira. Tauraron littafin, Abu Zaidin Assaruji, ɗan damfara ne mai yawo gari gari yana cin dukiyar mutane da zaƙin baki. Duk da haka malamanmu sun karantar da shi ɗaruruwan shekaru, saboda fasahar da ke ciki, kuma saboda a muƙama ta 50, wadda ita ce ta ƙarshe, Abu Zaidin ya tuba ya koma ga ibada.

A ɗaya gefen kuma akwai labarin Nadaru ɗan Harisu, Baƙuraishen da ya koyo hikayoyin Rustum da Isfandiyar na Farisa. Idan Manzon Allah (SAW) ya tashi daga majalisi, sai shi ya zauna a wurin yana ba mutane waɗannan hikayoyi don ya kau da su daga Alƙur'ani. Wasu malaman tafsiri sun ambaci cewa a kansa ne aya ta 6 ta Suratu Luƙman ta sauka, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala don ya ɓatar da mutane daga tafarkin Allah. Alhariri ya ƙaga labari, Nadaru ma ya zo da labari. Abin da ya raba su shi ne inda kowannensu ya kai mai sauraronsa.

YADDA ALƘUR'ANI YA BA DA LABARIN ƳAN DABA

Ya ƴan uwa, ku buɗe Suratun Namli, daga aya ta 48 zuwa ta 53. A nan Allah Ya ba da labarin mutum tara a birnin Samudawa, masu ɓarna a ƙasa, waɗanda ba su gyara komi. Suka haɗu suka yi wa juna rantsuwa da Allah cewa za su afka wa Annabi Salihu (AS) da iyalinsa da dare, sa'an nan su ce wa danginsa ba su ga komi ba. Ku duba da kyau: ga birni, ga gungu, ga rantsuwar riƙon asiri, ga harin dare, ga shirin yin ƙarya gaban masu bin jini. Duk abin da marubucin zamani ke cika shafi 300 da shi yana nan cikin ayoyi shida.

Amma Alƙur'ani bai ambaci sunayensu ba, bai siffanta makamansu ba, bai yi musu kirari ba. Ya gaggauta kai mai karatu ga ƙarshen al'amari: makircinsu ya koma kansu, aka hallaka su tare da mutanensu, gidajensu suka zama kufai, aka tsirar da waɗanda suka yi imani. Haka nan a Suratu Yusuf, ƴan uwansa sun yi taƙama da cewa su jama'a ce mai ƙarfi, suka jefa ƙaninsu a rijiya, amma surar ba ta rufe ba sai da suka tsaya gabansa suna amsa laifinsu. Darasin da ke nan shi ne, ambaton ɓarna a labari ba laifi ba ne, matuƙar an kai labarin har inda ɓarna ke kai mai ita. Aibin yawancin labaran da yaranmu ke saurare shi ne suna tsayawa a tsakiyar hanya, lokacin da ɗan daba ke kan ganiyarsa, su rufe littafin a nan.

CACA: ABIN DA LABARI KE ƁOYEWA

Larabawan jahiliyya suna da cacar da ake kira maisir. Mutum goma za su sayi raƙumi bashi, a yanka, a zuba kibau goma a jaka. Bakwai suna da rabo, uku ba su da komi, kuma waɗanda kiban banza suka faɗo wa su ne za su biya kuɗin raƙumin. Waɗanda suka ci sukan raba naman ga matalauta, suna alfahari da haka, suna zagin wanda ya ƙi shiga da rowa. Ashe ke nan hujjar da jarumin littafi ke kafawa, cewa yana caca ko sata ne don ya ciyar da marayun unguwarsu, tsohuwar hujja ce wadda Musulunci ya riga ya rushe. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Allah Ya tabbatar da cewa akwai wani ɗan amfani a giya da caca, amma zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. Sa'an nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya haɗa caca da giya da gumaka da kiban ƙuri'a a layi ɗaya, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umurni da a nisance su, Ya kuma bayyana dalili: suna jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, suna kange su daga ambaton Allah da salla.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca, to ya yi sadaka. Wato furucin kaɗai, tun ba a zauna ba, ya wajabta kaffara. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani kuma, a Risala wadda muke karantawa a kowane zaure, ya bayyana rashin halaccin wasan narad, Imamu Muslim ya ruwaito cewa mai yin sa kamar wanda ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa.

Ko da hankali kaɗai aka auna, lissafin a fili yake. A ce samari goma a fada kowa ya aza jika guda, kuɗi sun zama jika goma. Mai gidan caca ya cire jika biyu ladan tabarmarsa, wanda ya ci ya ɗauki takwas. Mutum tara sun tashi da hasara, kuma ko guminsu bai ƙara wa garin ƙwayar hatsi ɗaya ba. In suka sake zama sau biyar, abin da mai gida ya tara ya kai dukan kuɗin zaman farko. Shi kaɗai ne ba ya faɗuwa. Wannan ita ce ƙa'idar karta a bayan kasuwa, ita ce ta cacar tseren dawaki da ake yi a Faransa ana sayen tikitinta a garuruwanmu, ita ce kuma ta cacar ƙwallon ƙafa da ta shigo cikin salula, wadda ta sa hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunanta da dama a 2024. Littafi yakan nuna wa yaro mutum ɗaya da ya ci, ya ɓoye masa taran. Abin lura, ko a littafin Ba'amurkiyar nan da muka ambata akwai saurayin da caca ta raba shi da karatunsa, ta jefa gonar mahaifinsa cikin hatsari. Idan wadda ba Musulma ba ta ga wannan, ina ga marubuci Musulmi?

ASIRI DA TAURI

Abu na uku, kuma mafi hatsari ga aƙida, shi ne sihiri. Yaron Turai da ya karanta labarin matsafi ya san ba zai same shi a bakin titi ba. Namu yaron kuwa ya san inda boka yake, ya ga ƴan tauri a wasa, ya ji ana zancen layar zana da baduhu da sagau. A wurinsa tazarar da ke tsakanin almara da aiki gajeruwa ce ƙwarai. Ranar da zai tafi biɗa yana iya sayar da akuyar mahaifiyarsa ya kai wa boka don a ɗaure masa jiki. Alhali Manzon Allah (SAW) ya lissafa sihiri cikin abubuwa bakwai masu hallakarwa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Sau da yawa kuma guru da laya su ke ba yaro ƙarfin halin shiga faɗan da ba zai fito ba.

MA'AUNI GUDA HUƊU

Duk labarin da ya shigo gidanka, ya kai uba, ya ke uwa, ku auna shi da waɗannan tambayoyi:

1. Wane ne labarin ke sa yaro ya so ya zama? In ya gama saurare yana kwaikwayon tafiyar ɗan daba da maganarsa, ya laƙaba wa kansa sunansa, to zuciya ta riga ta karkata. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa mutum yana kan addinin abokinsa ne, kuma jarumin da yaro ke kwana da muryarsa a kunne aboki ne, ko da babu shi a duniya.

2. Ina labarin ya ƙare? Da nadama da hukunci, ko da ɗan caca a kan gadon sarauta?

3. Wa aka jingina wa ƙarfi da tsari? Allah, ko tsafi da aljani?

4. Me ya ci daga lokacin yaro? Labarin da ya hana sallar asuba, ko makarantar allo, ko aikin gona, ya zama shagala abin zargi ko da abin da ke cikinsa tsarkakakke ne.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da nufin tsare tarbiyyar ɗalibai. Niyyar mai kyau ce, amma labaran ba su mutu ba, sun koma cikin salula inda ido ba ya kai wa. Saboda haka fasa salula ba ya kashe ƙishirwar labari, sai dai ya tura yaro ya saurara a ɗakin abokinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake yi, ba da gatari ba.

Na farko, uba ko kaka ya zauna ya saurari kashi ɗaya tare da yaron, sa'an nan ya tambaye shi: "Wannan da ya sare, ba shi da uwa ne? Kuɗin da ya ci, na wane ne?" Tambaya ɗaya irin wannan ta fi bulala goma.

Na biyu, waɗanda suka dawo daga biɗa su ji tsoron Allah su faɗa wa ƙannensu gaskiya. Kada a nuna musu rediyo da yadi da babur kaɗai. A gaya musu kwanan tasha, da wanda caca ta cinye guzurinsa ya ji kunyar dawowa gida shekara da shekaru, da wanda aka kawo labarin rasuwarsa ba a ga gawarsa ba.

Na uku, malamai da limamai su cika wannan gurbi da labaran gaskiya, domin tarihinmu bai rasa jarumai ba. Ga Fudailu ɗan Iyal, ɗan fashin da ayari ke tsoro tsakanin Abiwarda da Sarkhas. Wata rana da dare yana haura katanga sai ya ji mai karatu yana karanta aya ta 16 ta Suratul Hadid, wadda ke tambayar muminai ko lokaci bai yi ba da zukatansu za su rusuna. Nan take ya sauko ya tuba, ya koma Makka, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zuhudu da ruwayar hadisi, har ya rasu a can a shekara ta 187 bayan Hijira. Ga kuma hadisin mutumin da ya kashe rai 100, wanda malami ya buɗe masa ƙofar tuba, ya umurce shi da ya bar garinsu domin garin mugunta ne. Yaron da ke son labarin ɗan fashi, a ba shi wannan, zai saurara baki buɗe.

Na huɗu, matasanmu masu baiwar rubutu kada su ajiye alƙalami. Su rubuta birni yadda yake, da ƴan dabarsa da gidajen cacarsa, amma su riƙe amanar kai labari ƙarshensa, domin za a tambaye su a kan kowace zuciya da suka karkatar.

Daga ƙarshe, wanda ya riga ya faɗa cikin caca ko daba kada ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, ya mayar da haƙƙin mutane gwargwadon ikonsa, ya kuma canza abokan zama. Mu kuma jama'ar masallaci, idan ya shigo sahu, mu matsa masa wuri.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya tsare ƴaƴanmu da ke biɗa a duk inda suke, Ya dawo mana da su da imaninsu da lafiyarsu da halaliyarsu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah ne Mafi sani.